Jitar Abzinawa: salon Kidal ko salon Agadas?

Tushensu ɗaya. Fari na 1973 da rashin aiki suka kori samarin Abzinawa zuwa Aljeriya da Libiya, a can suka ɗauki jita suna waƙar kewar gida da tawaye da harshen Tamashek, kaset na yawo hannu da hannu.

Salon Kidal, garin da ke arewacin Mali, wanda ƙungiyar mawaƙa Tinariwen ta Ibrahim Ag Alhabib ta kafa, a hankali yake tafiya. Jita biyu ko uku suna zagaya sauti guda, kowacce da nata ɗan zare, ga ƙwarya, ga tafi, mata na amshi irin na kiɗan tende, gangar turmi ta matan Abzinawa. Murya ce a gaba, domin saƙon na cikin kalmomi. Inda ɗan koyo ke tuntuɓe shi ne yawan sauya sauti. Da ya yi haka, zagayen ya watse. Babban yatsa ya dafe kan igiyar nan mai kauri, sauran yatsu su yi ado.

Agadas kuwa bikin aure ne ya rene ta. Bayan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin makaɗan jita na farko a yankin, su Bombino da Mdou Moctar suka ƙara gudu, da jitar lantarki da jerin gangunan bature, don a taka rawa. Sai dai tana da tsada: amfilifaya, janareta, mai. Ƙura na cinye maɓallan sauti, kuma in aka ƙure ƙara, waƙar ta nutse.

Mai koyo ya fara da Kidal, jitar katako ta ishe shi. Mai neman cika filin biki, Agadas ce tasa.