Wane fim za a saka wa yara a hutun Sallah?

A gidanmu na unguwar Nima da ke Accra, da zarar an gama rigimar tela sai a shiga ta fim. Data ba kyauta ba ce, tikitin sinimar Silverbird a Accra Mall kuma, in ka haɗa da kuɗin motar haya ta trotro da gugguru na yara huɗu, sai aljihu ya ji a jikinsa. Shi ya sa nake tantancewa tun kafin in taɓa MoMo ɗina, wato kuɗin da ke asusun wayata. Abin da nake nema shi ne yarana su ga mai kama da su a allo, kuma ya kasance shi ne mai labarin, ba ɗan rakiya ba.

The Lion King na 2019 ne yara suka fi ambata, musamman da yake mawaƙin Ghana Shatta Wale ya yi waƙa da Beyoncé a kundin da ya fito tare da fim ɗin. Ɗan shekara shida zai ji daɗinsa. Amma daga farko har ƙarshe babu ɗan Adam ko ɗaya, Afirkar zakuna da kuraye ce kawai. Aladdin ma ba ya cika mini ciki. Waƙar buɗe na 1992 ta ci mutuncin Larabawa har sai da Larabawan Amurka suka yi ƙorafi aka sauya baitin. Na 2019 ya gyara, jaruminsa Mena Massoud haifaffen Alƙahira ne, sai dai garin Agrabah ɗin gauraye ne na Larabawa da Indiyawa, ba ya kama da ko'ina.

Black Panther na 2018 ya faranta mana rai, ba zan ɓoye ba: baƙar fata a kan sarauta, mace ce gwanar kimiyya, ana jin yaren Xhosa na Afirka ta Kudu. A kashi na biyu na 2022 akwai Michaela Coel, wadda iyayenta 'yan Ghana ne. Sai dai sara da suka sun yi yawa ga wanda bai kai sha uku ba, kuma Wakanda, ƙasar da ke cikin fim ɗin, ba ta cikin taswira.

Bilal, zanen da aka yi a Dubai a 2015 kan Sayyidina Bilal ɗan Rabah, ya fi kusa da zuciyar ɗan Zango. Yaron makaranta ya san sunan tun kafin a kunna. Akwai azabar da aka gana masa da dutse a ƙirji, don haka ba na ƙanana ba ne. Wasu malamai kuma ba su yarda a zana sahabi ba, gara a ji ta bakin malamin gida tukuna.

Wanda na fi tsayawa a kansa shi ne Queen of Katwe na 2016. Babu dodo, babu tsafi. Labarin gaskiya ne na Phiona Mutesi, yarinya mai tallar masara a unguwar Katwe ta Kampala, wadda ta koyi darar Turawa, wato chess, har ta wakilci Uganda a waje. Ranar da muka kalla, 'yata ta nuna allo ta ce, "Mama, ai wannan lungun Maamobi ne." Gaskiyarta, kamar unguwar nan ta kusa da mu. Ga kwata, ga rufin kwano, ga ruwan sama yana shiga ɗaki, ga mai gida yana fitar da su saboda kuɗin haya. Lupita Nyong'o ta fito a uwa, wadda miji ya mutu ya bar ta da 'ya'ya, kuma ta ƙi sayar da mutuncinta. Duk wata mai sayar da koko ko waakye a Nima ta san wannan matar. A Kampala da Johannesburg aka ɗauki fim ɗin, yarinyar da ta fito a Phiona kuma 'yar Uganda ce. Mai koyar da yaran ma'aikacin wata ƙungiyar Kirista ne, na faɗa don kada a ce ban faɗa ba, amma ba wa'azi ake yi a ciki ba. Aibinsa ɗaya: ƙananan da suka saba da gudu da fashe-fashe za su fara mutsu-mutsu.

Su ƙananan, musamman 'yan mata, Supa Team 4 na Netflix ya dace da su. Zane ne na 2023, 'yan makaranta huɗu suna ceton birnin Lusaka, kuma 'yar Zambiya Malenga Mulendema ce ta ƙirƙiro shi. Gajeru ne, ba sa cinye data lokaci guda.

Don Allah kada a ruɗu da Beasts of No Nation saboda an ɗauke shi a Ghana kuma ɗanmu Abraham Attah ne a ciki. Labarin yaran da aka tilasta wa ɗaukar bindiga ne, ko babba sai ya kawar da kai.

Bana dai na yanke: Supa Team 4 da rana ga ƙanana, Queen of Katwe bayan Isha'i da kowa da kowa, har da Hajiya. Bilal zai jira babban ɗana ya ƙara shekara biyu.