'Yar koyon aikin da ta hana a watsa mana kaya titi a Ingila

A watan Nuwamban 2024 na dawo daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, a wani gari kusa da Manchesta, na tarar da takarda an zuro ta ta ƙofa. Notis ne daga mai gidan da muke haya: nan da wata biyu mu tashi. Ba mu taɓa makara wajen biyan haya ba, hayar da ke cinye kusan rabin albashina. Abin da ya haɗa mu kawai, mun dame shi da maganar fumfunar da ta baƙanta bangon ɗakin yara. A lokacin, sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988 ya ba shi damar tashin ɗan haya ba tare da ya faɗi dalili ba.

A nan babu mai unguwa, babu dattijon da za ka ɗauka ya je ya ba da baki. Komai sai waya da fom na intanet. Kwana uku ina kiran ofishin gidaje na ƙaramar hukuma, a sa mini kiɗa a kunne har layin ya tsinke. Ran na huɗu, ko barci ban yi ba, na tafi da ƙafata.

Wadda ta kira lambata yarinya ce da ba ta wuce shekara 19 ba, katin wuyanta kuma ya nuna 'yar koyon aiki ce. Raina ya ɓaci. Na ce mata ni magidanci ne mai 'ya'ya uku, ba wasa ya kawo ni ba, a kira mini babba. Har yau in na tuna maganar nan kunya nake ji. Ba ta canza fuska ba. Ta ce shugabarta na ciki, kuma ba za ta yanke komai ba sai ta nuna mata, amma in ba ta minti goma tukuna.

Da magana mai ɗaci ta fara. Bizata ta hana ni cin tallafin gwamnati, don haka gidan hukuma ko masaukin wucin gadi ba nawa ba ne. Amma shawara haƙƙin duk wanda ke zaune a yankin ne, kyauta. Sai ta shiga tambaya. Kuɗin ajiyar da na bayar ranar shiga, an turo mini shaidar inda aka ajiye su? Na ce ban taɓa jin wannan ba. Ashe doka ta wajabta wa mai gida ya saka kuɗin a ɗaya daga cikin asusu uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Ta duba duka ukun a kwamfuta, babu sunana. Takardar binciken lafiyar gas ta shekara fa? Ita ma ban taɓa gani ba. Ta shiga ciki da takarduna, ta dawo tare da shugabar, suka ce notis ɗin nan ba shi da ƙarfi a gaban kotu, kuma ko da yana da shi, ba wanda ya isa ya fitar da mu sai da umarnin alƙali.

Da na nuna mata hoton bangon a waya, sai ta ajiye biro. Ta ce tun rasuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2 da fumfuna ta yi ajalinsa a Rochdale a Disamban 2020, ba a wasa da wannan. Iyayensa daga Sudan suka zo, baƙi kamar mu, sun yi ta kuka ba a saurare su ba. A gabana ta tura wa masu duba lafiyar gidaje, ta kuma rubuta wa mai gidan wasiƙa. Sau biyu ta kira ni bayan haka don ta ji ko an zo. An zo, an gyara, muna cikin gidan har yanzu.

A watan Fabrairu na koma kai wata takarda, sai na ga hotonta a allon bango tare da na wasu samari da 'yanmata, da sunan kowa da aikin da ya yi. Wani mai gyaran famfo a gidajen hukuma, wani kuma da asuba yake fita neman masu kwana a titi. Ashe duk shekara ana ware mako guda a Ingila don karrama 'yan koyon aiki. Aka miƙo mini kati wai ko ina da abin cewa. Na cika gaba da baya.

Na bincika tsarin. Ɗan koyo a nan ma'aikaci ne mai albashi da hutu. Mafi ƙarancin abin da doka ta yanke masa a lokacin fam 6.40 ne a awa, na babba kuwa fam 11.44, kuma a ganina kuɗin ya yi kaɗan ga wanda ke zama gaba da gaba da mutanen da hankalinsu ya tashi tun safe har yamma. Amma a lokacin ana ware masa aƙalla awa 6 a mako don karatu, a ƙarshe ya fita da takardar shaida. Tun 2017 kamfanin da jimlar albashinsa ta wuce fam miliyan 3 a shekara yana biyan rabin kashi ɗaya cikin ɗari don horar da irinsu.

A gaban allon nan Zariya ta faɗo mini. Shekara shida na yi ina yaron mai aikin wayarin. Ni ke hawa silin cikin zafin Afrilu, ni ke fasa bango, in an gama mai gini ya yi wa maigidana godiya, ni kuma a ce "kai yaro, kwashe kayan nan." Allah Ya jiƙan maigidana, ya koya mini sana'a kuma ya ci da ni, ba shi nake zargi ba. Ɗabi'armu ce gaba ɗaya. Yaron gareji, yaron tela, yaron shago a Kantin Kwari, nawa ne aka san ranar yayensu? Maƙwabtanmu na Sabon Gari suna sallamar yaro da jari bayan shekarun da aka yanka tun farko, mu kuwa sai yaro ya yi gemu yana jiran "in Allah Ya kawo." Muna da ITF, hukumar horar da masu sana'a ta Najeriya, tun 1971, amma je ka tambayi yaron da ke ƙarƙashin mota ko ya taɓa jin sunanta.

Kada a ɗauka komai na nan zuma ne. Ƙasa mai wannan arziki, amma da asuba in ina dawowa sai in wuce mutane kwance a ƙofar kantuna cikin sanyin da ke fasa leɓe. Nakan tuna soron gidanmu, inda baƙon da ba a san daga ina yake ba zai kwana, a fito masa da tuwo ba a tambaye shi takarda ba. Gidajen nan ba su da soro. Aikin da soro ke yi mana, yaran nan ne ke yin sa a ofis da titi.

Da dare na kira ƙanena, wanda yanzu ke da yara huɗu a shagonsa. Na ce, "Wa ya yi wayarin masallacin unguwa da liman ya yaba maka?" Ya ce, "Yaya, ai ɗaya daga cikin yaran ne." Na ce sunansa nake tambaya. Ya faɗa, na ce ya turo mini lambarsa, kuma ranar Juma'a ya kai shi gaban liman ya ce ga mai aikin.