Waya ko Kwamfuta: Duba Babbar Manhaja Kafin Ka Biya

A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, yawancin masu saye kyamara suke tambaya, sai girman allo da ƙarfin batir. Da wuya ka ji an tambayi babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, alhali ita ce ke nuna irin aikin da za ka iya yi, da kuma yawan shekarun da kayan za su yi maka amfani.

Idan sana'arka sayar da atamfa ce ta WhatsApp, da karɓar kuɗi ta manhajar banki, da ɗora hotunan kaya a Facebook, wayar Android ta ishe ka, kada kowa ya ruɗe ka da laftof. Batirinta yana wuni, ƙaramar sola ma tana caja ta, kuma madannin Gboard na Hausa yana da ƙ, ɗ da ɓ. Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion na China ne, sun cika kasuwa, kuma masu gyaransu suna ko'ina. Sai dai Android suna ne ɗaya, kayan kuma iri-iri. Wayoyi mafi araha sukan zo da Android Go, wanda aka rage masa nauyi saboda ƙarancin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita. Sannan akwai maganar sabuntawa: Google ya yi alƙawarin shekara 7 ga Pixel 8 a 2023, Samsung ma haka ga Galaxy S24 a 2024, amma yawancin ƙananan wayoyi ba sa samun ko kusa da haka. Ranar da manhajar bankinka ta ƙi buɗewa saboda tsufan Android, ranar za ka gane tsadar arahar.

iPhone kuwa Apple kaɗai ke yin ta da manhajarta ta iOS, shi ya sa takan daɗe tana samun sabuntawa, kuma ba ta saurin faɗuwa a farashi. Idan ta hannu za ka saya, kada ka miƙa kuɗi sai mai ita ya cire asusunsa na iCloud, wato asusun Apple da ke kulle wayar, a gabanka, an goge wayar, ka shigar da naka. Wadda aka bari a kulle ba ta da amfani sai a matsayin kayan gyara.

Inda waya ke gazawa shi ne doguwar hidima. Ɗalibin da zai rubuta furojet mai babi biyar, ko ya yi lissafi da SPSS, mai tsara katin biki da CorelDRAW, mai zanen gini da AutoCAD, akawun da ke fama da Excel, duk waɗannan Windows ce hanyarsu mafi sauƙi. Ko yaron da zai rubuta JAMB gara hannunsa ya saba da madannai da linzamin kwamfuta tun a gida, domin latsa allon waya ba ya koyar da wannan.

A nan ne kuma aka fi cutar mutane. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro a cikin kwamfutar, da injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. Don haka “Core i5 ce, Alhaji” ba amsa ba ce. Nemi cikakkiyar lambar: i5-6300U ƙarni na 6 ne, i5-8250U ƙarni na 8. Wasu sukan cusa Windows 11 da dabara a tsohuwar laftof, za ta tashi kuwa, amma Microsoft bai lamunce mata sabuntawa ba. A ganina, ƙarni na 8 mai RAM 8GB da ma'ajiya mai sauri ta SSD ya fi i7 tsoho ko da jikinsa na ƙyalli.

Wanda yake da tsohuwar a gida kada ya yar. Manyan manhajoji irin su Linux Mint ko Ubuntu kyauta ne, suna farfaɗo da ita, LibreOffice kuma zai yi masa rubutu da lissafi. Photoshop da CorelDRAW ne dai ba sa hawa kai tsaye. MacBook, laftof ɗin Apple, mai injin M1 na 2020 zuwa sama ta yi suna wajen riƙe caji, abin so ne inda wuta ba ta tsayawa, amma idan allonta ya fashe aljihu zai ji a jikinsa.

Ka yi hattara da laftof mai arahar da ta wuce misali, sau da yawa Chromebook ce. Manhajarta ChromeOS ce, aikinta ya fi dogara da intanet, manhajojin Windows ba sa hawa, wasu ma har yanzu suna ɗaure da asusun makarantar da ta rabar da su a waje. Sa a kunna maka ita, a haɗa da intanet, ka shiga da asusunka na Google kafin a fara ciniki.