Kanal ɗin Regent a Landan: Abin Gani, Abin Biya da Inda Hanya Ke Yankewa

'Yan uwa na gida, duk wanda ya san kanal ɗin noman rani na Kura da Kadawa ya san siffar abin: rafi ne da mutum ya haƙa da hannunsa. Bambancin shi ne na Landan ba don ban ruwa aka yi shi ba, hanyar dakon kaya ce. An buɗe shi a 1820, tsawonsa kusan kilomita 14, daga Little Venice kusa da tashar Paddington zuwa Limehouse a bakin kogin Thames. Kwal da katako da hatsi ake lodawa a jirage, doki yana tafe a gefe yana jan su da igiya. Wannan turbar dokin ita ce yau ake bi a ƙafa, kuma ba a biyan ko kwabo.

Mai zuwa ya san wannan tun da wuri: manyan gidajen tarihi na gwamnati irin su British Museum kyauta ake shiga, ƙananan da ke bakin kanal kuwa sai da tikiti, domin ƙungiyoyin sa kai ne ke riƙe da su. Litinin yawanci a rufe suke. A zo da katin banki, don motocin bas na Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi sam.

Daga Little Venice zaɓi biyu ne. Jirgin fasinja yana kai mutum Camden cikin minti 45, a zaune, ana yi masa bayani. Ga mai tsofaffi ko ƙananan yara shi ya fi. Amma mai lafiyar ƙafa ya taka, saboda daga cikin jirgi ba a ganin abin da ya fi komai ban sha'awa. Akwai wata gada a gefen lambun Regent's Park mai suna Macclesfield. Da asubahin 2 ga Oktoba 1874 wani jirgi ɗauke da albarushi ya fashe a ƙarƙashinta, ma'aikatansa suka rasu, gadar ta rushe. Da aka zo sake gini sai aka tsinto ginshiƙanta na ƙarfe aka mayar, amma aka juya su, gefen da igiya ta ci ya koma baya. Ka sa yatsa a jikin ƙarfen, za ka ji kwarin da igiya jiƙaƙƙiya mai yashi ta sassaƙa, gaba da baya. Ba wanda ya cike shi, ba wanda ya shafe shi da siminti. Nan ne abin ke taɓa zuciyar Bakano: ganuwarmu ta girmi wannan gada da ɗaruruwan shekaru, ga shi ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo.

Kafin gadar, a hau matakala a fita titin Park Road, ga Babban Masallacin Landan da aka kammala a 1977, da wurin alwala da na mata. A yi salla a nan, musamman da hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 kuma Azahar da La'asar da Magariba ke bin juna kusa da kusa. Bayan gida ba shi da yawa a kan turbar, inda ake da shi kuma babu buta, don haka a riƙe gorar ruwa.

A Camden ake fara ganin matakalar ruwa, guda 12 ne har Limehouse, suna sauke jirgi kimanin mita 26. Kowace ɗaya ɗaki ne mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a sa maɗaurin ƙarfe a murɗa a ɗaga 'yan tagogin da ke ƙasan ƙofar gaba, ruwa ya zurare har ya daidaita da na ƙasa, sannan a jingina baya da dogon katako a tura ƙofar. Muddin ruwan bai daidaita ba, ƙato goma ba za su buɗe ta ba. Haɗarin yana baya: akwai dakalin dutse a ƙarƙashin ƙofar baya, in gindin jirgi ya hau kansa ruwa na sauka, gaban zai nutse. Shi ya sa ake zana farin layi a bango. Kasuwar Camden cike take da abinci, mai tsada, kuma a tambaya kafin a saya don alade da giya na shiga miya da yawa.

Gidan tarihin kanal yana King's Cross, kuma shi ya fi cancantar kuɗin tikiti. Rumbun ƙanƙara ne na wani ɗan kasuwa, Carlo Gatti, daga wajajen 1862. Daga Norwe ake yanko ƙanƙarar, babban jirgi ya kawo ta Limehouse, ƙanana su ƙaraso da ita, a zuba a rijiyoyi biyu masu faɗin kusan mita 10 ta yi watanni ba ta narke ba. Ana leƙa ɗaya daga sama. Mai sayar da ƙanƙara da azumi, wanda ke lulluɓe ta da buhu da dusar katako, zai gane dabarar nan take. Akwai kuma ɗakin jirgi da ake shiga, ɗan tsukuku da murhu da gadon da ake naɗewa cikin bango, inda miji da mata da 'ya'ya suke kwana. Kowane abu da allon bayaninsa. A Gidan Makama mai rakiya ne ke ba ka labari da baki, kuma hirarsa ta fi daɗi, sai dai ranar da ba ya nan labarin ma ba ya nan.

Gaba kaɗan turbar ta yanke a ramin Islington, inda kanal ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, mai tsawon mita 878. Babu hanyar doki a ciki. Da can kwance doki ake yi a bi da shi ta sama, maza su kwanta rigingine su riƙa taka bango da ƙafa suna tura jirgi cikin duhu. Mai tafiya yau ya haura ta unguwar Angel, ya bi alamomin da aka dasa a daɓen titi. Nan baƙi suka fi ɓata. In an koma bakin ruwa a kula da masu keke, turbar matsattsa ce kuma babu shinge.

A Mile End akwai makarantar 'ya'yan talakawa da Dakta Barnardo ya buɗe a 1877 cikin tsofaffin ɗakunan ajiya, yanzu gidan tarihi ce, da aji guda da bencina da allunan dutse. Daga nan Limehouse bai kai tafiyar rabin awa ba, kuma akwai tashar jirgin ƙasa a bakin ruwan mai komawa tsakiyar gari.