La Digue: jirgin ya jijjiga mu, tsibirin ya biya mu

Duk wanda zai je La Digue, ya yi shirin kwana. Da wannan zan fara, don na ga mutane da yawa sun sauka da hantsi, sun ɗauki hotuna, kafin la'asar sakaliya sun bi jirgi sun koma, kuma a ganina abin da ya fi daɗi a tsibirin bai ma fara ba suka tafi.

La Digue ɗaya ne daga cikin tsibirai 115 na ƙasar Seychelles da ke tekun Indiya. Ƙarami ne, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 10 ne, mazaunansa kuma kimanin dubu uku. Babu filin jirgin sama, don haka galibi ta ruwa ake shiga. Ni da uwargida mun taso daga Victoria, babban birnin ƙasar da ke tsibirin Mahe, muka yi kusan awa ɗaya a jirgin ruwa zuwa tsibirin Praslin, daga nan minti goma sha biyar ya kai mu La Digue.

Jirgin fiton ba shi da laifi. Tsaf yake, kujeru masu kyau, an tashi a kan lokaci, an karɓi akwatunanmu an ba mu su lafiya. Matsalar lokacin da muka zaɓa ce. Watan Yuli muka je, kuma daga wajen Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso gabas ke kaɗawa, teku ya yi ta tumbatsa. Muna fita daga inuwar Mahe jirgin ya fara ɗagawa yana faɗuwa. Hira ta mutu. Wani ma'aikaci ya riƙa bi layi-layi da ledojin amai, yana tafiya kamar a kan daɓe, ko dafa kujera ba ya yi. Da ya ga yadda uwargida ta runtse ido ta ƙanƙame hannuna, sai ya nuna mana kujerun baya na ƙasa, ya ce ta kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Ya taimaka ƙwarai. Mai saurin jiri ya sha magani tun kafin ya hau, kada kuma ya cika ciki.

Muna sauka a La Passe, ƙauyen da tashar jirgin take, abin da na fara lura da shi shi ne babu hon. Kekuna ne jere a bakin tasha, kowanne da kwando a baya. Motoci kaɗan ne, 'yan tasi da masu ɗaukar kaya, sai ƙananan motocin lantarki na otal-otal. Yara da tsofaffi, mai zuwa aiki da mai zuwa coci, kowa a kan keke. Muka yi hayar biyu na kwana uku. A duba birki da kyau kafin a karɓa, domin iskar gishiri tana cin ƙarfe, kuma akwai gangara.

Wurin da ya fi suna shi ne gaɓar Anse Source d'Argent. Sai an biya kuɗin shiga an ratsa ta L'Union Estate, tsohuwar gonar kwakwa da vanila, inda ake ajiye manyan kunkuran Aldabra, waɗanda kan haura shekara ɗari a duniya. Na tsaya gaban wani yana tauna ganye a hankali, wuyansa duk tattara, ina jin hucinsa. Gaɓar kuwa hoto bai yi mata ƙari ba: manyan duwatsu masu santsi, ruwa da iska sun sassaƙe su sun yi musu tsaga-tsaga, ga farin rairayi mai laushi kamar gari. Shingen murjani ya tare igiyar ruwa daga nesa, shi ya sa ruwan bakin gaɓa ke kwance. Sai dai idan teku ya janye, da ƙyar yake kai gwiwa, mai son iyo ba zai ji daɗi ba. Da tsakar rana kuma cunkoso ne, har layi ake yi a gindin wasu duwatsun don hoto. Ranar farko raina ya ɗan sosu.

Washegari muka koma da sassafe, kafin jiragen farko su iso. Sawun ƙaguwa kaɗai ne a kan rairayin. Uwargida ta zauna a kan wani dutse ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta ce, "Maigida, ashe haka shiru yake." Wannan safiyar ita ta goge mini wahalar jirgi.

Mun kuma haura tudu zuwa gaɓar Grand Anse a ɗaya gefen tsibirin, inda muka sauka muka tura kekunan da hannu. Can babu shingen murjani, teku da ƙarfinsa yake dukan gaɓa, ga allon gargaɗi a kan jan ruwa. Kallo muka yi, ba mu shiga ba, kuma ban ba kowa shawarar shiga a wannan lokacin na shekara ba.

Tsada akwai ta, tunda kusan komai a jirgi ake kawo shi. Kifi ne ya fi sauƙin samu, kuma ƙananan shagunan sayar da abinci a tafi da shi sun fi gidajen cin abinci rangwame nesa ba kusa ba. Da dare wasu hanyoyin duhu ne, a riƙe tocila.

Amma daren ne nake so. Idan jirgin ƙarshe ya tashi, La Passe sai ta yi tsit, manyan jemagu su fito suna shawagi a kan itatuwa, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙar keke da numfashin teku. Za mu koma in Allah ya yarda, a watan Afrilu ko Nuwamba lokacin da ruwa ke kwantawa, kuma wannan karon mako guda za mu yi.