Keken ɗinkin ya yi kyau, lambar tallar ce ta cinye min fam 38

Keken dai na samu, kuma lafiyayye ne, gara in faɗi wannan tun da wuri kada a ce ƙorafi kawai na iya. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne lambar wayar da shafin tallace-tallacen yake liƙawa a ƙasan kayan mutane. Duk wanda yake zaune a Ingila yana neman kayan hannu ya san irin shafukan da nake nufi, ba sai na kama suna ba.

Wata uku na yi ina neman keken ɗinki irin na masana'anta, mai tebur da inji a ƙasa, domin sabo ya fi ƙarfin aljihuna. Ranar da na ga wanda ya kwanta min a rai, ko saƙo ban tsaya rubutawa ba, saboda na sha tura saƙo a shafin a yi kwana uku ba amsa, kafin mai kaya ya waiwaye ni an riga an saye. Sai na danna wurin da aka ce a nuna lambar mai talla. Ta fito, ta fara da 0843. Na gan ta, ba zan yi ƙarya ba. Na kuma ga wani ɗan siririn rubutu mai ruwan toka a ƙasa da ke cewa feni 7 ne minti ɗaya, haɗe da abin da kamfanin wayarka zai caje ka. Na ce a raina feni 7 wane kuɗi ne, ga shi layina na wata-wata ne, mintunan kira ba iyaka. Na kira.

Wata tsohuwa ce ta ɗauka, Baturiya mai fara'a da son hira. Ta ce ta shekara talatin da wani abu tana ɗinka labule, yanzu idanu sun gaji, 'ya'yanta kuma ba mai sha'awar sana'ar. Na tambaye ta lambar samfurin keken, don in san ko zan samu allura da kwarkwaronsa cikin sauƙi. Ta ce in ɗan jira ta, keken yana ɗakin ajiya a bayan gida. Ta aje wayar a kan tebur, ba ta kashe ba. Ina jin ƙarar ƙofa, ina jin karenta yana haushi, ina jin rediyo yana ta magana shi kaɗai. Ta dawo ta ce ta manta tabarau. Ta sake fita. Da ta dawo karo na biyu ta karanto min lambar, sai kuma hira ta ɓarke: yadda ta sayi keken, wanda yake yi mata gyaransa har ya rasu, irin man da ya fi dacewa da shi, da dalilin da ya sa bel ɗinsa yake ƙara idan sanyi ya yi yawa. Ni kuwa ina ta jin daɗi, ina cewa na yi dace da mai gaskiya. Wane ne zai katse tsohuwa tana ba shi labarin sana'arta? Minti 31 muka yi.

Sai ƙarshen wata, takardar kuɗin waya ta zo da ƙarin fam 38 da feni 16 a kan abin da na saba biya. Da farko yara na zarga, har na fara faɗa. Maigida ya karɓi wayar ya duba jerin kiran, ya ce, "Maman yara, ki sassauta musu, wannan aikinki ne. Ga 0843 nan har sau tara." Na yi tsit. Kiran tsohuwar kaɗai ya tashi fam 22 da feni 32. Sauran minti 22 na kekunan da na yi ta bibiya ne a makon, waɗanda ko ganinsu ban yi ba.

Waɗannan sauran kiran su suka fi ƙona min rai. Uku daga ciki an riga an sayar da kayan, ba a dai sauke tallar ba. Biyu na'urar ajiye saƙo ce ta amsa. Kuma kowane kira, kafin ya shiga wurin mai kaya, sai wata murya ta shafin ta fara yi maka maraba, ta gaya maka ana haɗa ka da mai talla, ta ba ka shawarar kada ka tura kuɗi kafin ka ga kaya. Shawara ce mai kyau, amma da kuɗina ake ba ni ita, domin daga lokacin da muryar ta fara magana lissafi ya fara tafiya. Kamfanin wayata kuma ko daƙiƙa goma ka yi, kuɗin minti ɗaya cur yake ɗauka.

Washegari na zauna da niyyar in zazzage wa shafin kwandon masifa, sai maigida ya sa ni yin lissafi a takarda, lissafin kuma ya ɗan sanyaya min gwiwa. Tun ranar 1 ga Yulin 2015 hukumar sadarwa ta ƙasar, Ofcom, ta raba kuɗin kiran lambobin 084 da 087 da 09 da 118 gida biyu. Akwai kuɗin hidima, wanda mai lambar ya zaɓa: na 084 ba ya wuce feni 7 a minti, na 087 ba ya wuce feni 13. Akwai kuma kuɗin shiga, wanda kamfanin wayarka yake sanyawa da kansa. Nawa a lokacin feni 65 ne a minti, kuma mintunan nan da nake taƙama da su ba su shafi irin waɗannan lambobin ba. Ashe feni 72 nake biya kowane minti. A cikin fam 38 ɗin, abin da ya tafi ɓangaren shafin da kamfanin da ya ba su hayar lambar fam 3 da feni 71 ne kacal. Ragowar fam 34 da ɗoriya kamfanin wayata ne ya lamushe, kamfanin da nake biya duk wata ba fashi.

To a nan na ɗan sauko. Na ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ni kaina na ga rubutun na raina shi. Dalilin tsarin ma ba shirme ba ne. Lambar da ake gani ta aro ce, an ɗaura ta a kan tallar kawai. Idan ka kira sai ta bi ta na'urarsu ta faɗa wayar mai kaya, ba tare da ka san lambarsa ta gaskiya ba, idan an sauke tallar kuma ta mutu. Ni mace ce, na taɓa sa lambata a fili lokacin da na sayar da gadon jariri, kuma na san abin da ya biyo baya: kiran tsakar dare, masu cewa za su aiko direba da kuɗi, da wani da ya shafe mako biyu yana turo min saƙon banza. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai ta fi ni buƙatar wannan kariya. Har na fara tunanin in ba su tauraro huɗu in yi shiru.

Ranar da muka je ɗaukar keken ne ran nawa ya sake ɓaci. Cikin raha na gaya wa tsohuwar abin da hirarmu ta ci. Wallahi sai da ta dafe ƙirji. Ta ce ita lambar gidanta ta rubuta da ta sa tallar, ba ta taɓa sanin an musanya ta da wata ba, balle ta san ana cajin masu kiranta. Ta ce shi ya sa take mamakin yadda mutane suke yi mata magana a gaggauce kamar ana korarsu, wasu kuma ba su kira ba sam, sai saƙo. Ta yi ta ba ni haƙuri a kan laifin da ba nata ba, har ta so ta rage min kuɗin keken, na ƙi. Da muka dawo gida na gwada sa tallar tsohon kekena na hannu don in gani da idona. Akwatin "ɓoye lambata" a cike yake tun kafin ka taɓa shi, sai ka lura ka cire alamar da kanka, kuma babu ko kalma ɗaya a wurin da ke gaya wa mai sayarwa nawa mai kiransa zai biya. Mai kaya bai sani ba, mai saye ya ga feni 7. Wanda ya san kuɗin gaskiya shi ne wanda ya tsara abin.

Kuma kada wani ya ce min ba yadda za su yi. Tun 2007 akwai lambobin 03 a ƙasar nan. Ba a ɗaure suke da wani gari ba, ana iya juya su zuwa kowace waya kamar yadda ake juya 0843, kuɗin kiransu daidai yake da na 01 da 02, wato lambobin wayar gida, suna kuma shiga cikin mintunan wata. Bambancin ɗaya ne: ba a yarda mai lambar 03 ya samu kaso daga kuɗin kiran ba, don haka shafin ne zai biya kuɗin juyawar daga aljihunsa. Wato don kada su biya 'yan feninan nan, sun gwammace ni in biya 72. Suna karɓar kuɗi daga masu son a ɗaga tallarsu sama, suna cika shafin da tallan kamfanoni har wayata tana zafi, amma sirrin mai kaya sai mai saye ne zai ɗauki nauyinsa. Wannan ne ban yafe ba.

Maigida ya ce ma na yi arziki da ba a zamanin 070 na faɗa ba. Su waɗancan sun fi sharri, domin kana ganin 07 sai ka ɗauka wayar hannu ce, alhali lambar juyawa ce mai tsada, kuma an yi ta amfani da su a ƙananan tallace-tallace da wayoyin gefen gadon asibiti, 'yan damfara ma suka samu hanya. Sai a watan Oktoban 2019 Ofcom ta ƙayyade abin da kamfanoni za su caji junansu a kansu, ta daidaita shi da na wayar hannu. Ya kuma ce tun Yunin 2014 doka ta hana kamfani ya sa lamba mai tsada a layin da wanda ya riga ya sayi kaya zai kira don ƙorafi. To ni ban sayi komai a hannun shafin ba, kira na yi wa wata tsohuwa kafin ciniki, don haka dokar ta bi ta gefena ta wuce.

Na rubuta wa shafin duk da haka. Bayan kwana huɗu amsa ta zo, mai ladabi, irin wadda ka san an tura wa mutum dubu kafin kai: sun bayyana kuɗin hidimarsu a ƙasan lambar kamar yadda ƙa'ida ta ce, kuɗin shiga kuma in tuntuɓi kamfanin wayata. Na tuntuɓe su. Yarinyar da ta amsa ta ce kuɗin yana cikin takardar yarjejeniyar da na amince da ita, amma saboda na daɗe da su za ta cire min fam 10. Na karɓa, na kuma sa ta toshe min duk lambobin da ke wajen mintunana. Kowa ya yi daidai a takarda, fam 28 kuma ta tafi.

Akwai wani ƙaramin abin haushi da na manta. Lambar aron ba ta karɓar saƙon tes, ba ta hawa WhatsApp. Na so tsohuwar ta turo min hoton ƙasan tebur in ga injin, ba hanya, sai da muka tuƙa mota har can a kan amana. Sauran abubuwan shafin ba ni da ta cewa, bincike yana aiki, hotuna suna buɗewa.

Tauraro biyu na ba su, ɗayan ma albarkacin keken ne. Har yanzu ina shiga shafin, domin nan kayan suke, amma yanzu idan na ga 084 ko 087 saƙo nake turawa in ce mai kaya ya ba ni lambarsa ko ya kira ni, in an riga ni saye an riga ni. Tallar tsohon kekena kuwa na bar ta babu lamba ko ɗaya.

Mako biyu bayan haka zare ya fara tsinkewa, na rasa kansa. Tsohuwar ta rubuta min lambar gidanta a bayan wata tsohuwar ambulan ranar da muka je, sai na kira. Ta ce allurar na sa a juye, in mai da tsagin ɓangaren hagu. Maganar minti ɗaya ce, amma sai da muka yi arba'in, ta sake zuwa neman tabarau, kare yana haushi. Da takardar wata ta zo na duba layin kiran sau biyu, sifili ne a gabansa.