Lagireton alminiyom mai layi uku, bayan bazara guda a cikin rairayi

Wata bakwai ke nan da na cire lagireton da motata ta zo da shi, mai kan roba, na saka na alminiyom zalla mai layi uku na bututun ruwa. Motar mai shan gas ce, mai jan ƙafa huɗu, kuma yawancin aikinta a hamada take yinsa. Abin da ya sa na canja kuwa, wata rana da tsakar rana ina hawan tudun yashi da ƙaramar giya, iska tana bin bayana, sai na ji ƙaurin ruwan lagireto. Ko da na ɗaga bonet, robar ta tsage daidai bakin tiyon sama, ruwa na feshi siriri kamar zare.

Sabon ya fi tsohon kauri, kuma ko'ina walda ce, babu wurin da aka matse roba da ƙarfe. Ya zauna a mazauninsa, sai dai bakanike ya ɗan sassaƙe rumfar fanka kafin ta shiga. Na roƙe shi kada ya yar da rumfar nan, domin ita ke tilasta wa fanka jawo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe.

A kan kwalta ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Na'urar da nake jonawa da kwamfutar motar tana nuna digiri 88 zuwa 90, ko da esi a kunne. Ina ba kowa shawarar ya nemi irin wannan na'ura, don allurar gaban direba takan tsaya a tsakiya alhali zafi ya riga ya yi nisa.

A cikin yashi mai laushi ne na gane iyakar lagireton. Can inji yana aiki iya ƙarfinsa, mota kuwa da kyar take tafiya, iskar da ke shigowa ta gaba ba ta taka kara ta karya ba, ita ma ɗin sai ta bi ta raga mai zafi ta esi kafin ta iso. Fitata ta farko zafi ya kai 104, raina ya ɓaci, na ɗauka an cuce ni. Ashe laifin kulocin fanka ne, wato abin da ke sa fankar ta kama da ƙarfi idan inji ya yi zafi. Man silikon da ke cikinsa ya tsiyaye, fankar na juyi amma ba ta jan iska. Da na kashe injin yana da zafi na tura ta da yatsa, sai ta yi ta juyawa ba nauyi. Bayan an canja kulocin, da zarar zafi ya hau sai in ji fankar ta kama da ruri, lambar ta fara sauka. Tun daga nan, a kan tuddan da suka wahalar da ni, ban sake ganin ta wuce 97 ba.

Murfin lagireton mai riƙe matsin "bar" 1.1 ne ("bar" ma'aunin matsi ne). Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma idan an haɗa shi rabi da rabi da ruwan lagireto, ga kuma matsin murfin, sai ya haura 120 bai tafasa ba. Tamostat kuwa na bar shi a wurinsa, duk da masu cewa a cire. Aikinsa daidaita zafi ne, cire shi ba ya ƙara wa lagireto ƙarfin sanyaya ruwa.

Aibin lagireton guda da na gani shi ne laushin ragarsa. Ƙura da ɓuntun ciyawa suna cushewa a ciki, ruwa mai ƙarfi kuma yana lanƙwasa ta, don haka iska nake busa masa daga baya a hankali. Robobin mazauninsa ma ina duba su duk fita, saboda girgiza tana iya tsaga walda.

Wanda ke ɗaukar kaya masu nauyi cikin rairayi, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Amma kafin ya saya, ya fara gwada kulocin fankarsa, ya rage iskar tayoyi idan zai shiga yashi, ya kuma duba ko fitilun da ya jera a gaba ba su tare wa lagireto iska ba.